Tarihi a Hannun Farfaganda: Nazarin Finafinan Ƙin Yahudawa na Jamus a Shekarar 1940

1.0 Gabatarwa

A cikin shekara guda, watau 1940, masana'antar fim ta ƙasar Jamus, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin jam'iyyar Nazi, ta fitar da manyan finafinai uku masu manufa ɗaya, ita ce cusa ƙiyayyar Yahudawa a zukatan jama'a. Na farko shi ne Die Rothschilds, watau "Zuriyar Rothschild", wanda ya fito a watan Yuli. Na biyu shi ne Jud Süss, watau "Süss Bayahude", a watan Satumba. Na uku kuwa shi ne Der ewige Jude, watau "Bayahude na Har Abada", a watan Nuwamba. Abin lura a nan shi ne, dukkansu ukun da tarihi suka jingina, babu wanda ya yarda a ɗauke shi a matsayin ƙagaggen labari.

Manazarta adabin baka sun daɗe da rarrabe tatsuniya da tarihi, da kuma tarihihi wanda yake tsakaninsu. Ita tatsuniya ba ta ɓoye kanta. Da mai sauraro ya ji "ga ta nan, ga ta nanku" ya san inda aka dosa, in an zo ƙarshe kuma mai ba da labari da bakinsa zai ɗora alhakin ƙaryar a kan Gizo. Fim ɗin Jud Süss da akasin haka ya buɗe, domin tun kafin a ga fuskar kowa sai da aka rubuta a kan allon sinima cewa abubuwan da za a gani sun dogara ne a kan abin da ya auku a tarihi. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa ƙarfin waɗannan finafinai ya samu ne daga ɗan abin da ke cikinsu na gaskiya, watau sunaye da shekaru da garuruwa, waɗanda aka sa su tsaya wa ƙarya shaida. Za a fi mai da hankali ga Jud Süss, saboda shi ya fi sauran yaɗuwa, sa'an nan a waiwayi sauran biyun a taƙaice.

2.0 Yanayin da Aka Shirya Finafinan

Hitila ya zama shugaban gwamnatin Jamus a watan Janairu na 1933. A watan Maris na wannan shekara aka kafa Ma'aikatar Wayar da Kan Jama'a da Farfaganda, aka danƙa ta ga Joseph Goebbels. Kafin shekarar ta ƙare an kafa hukumar da dole duk mai sana'ar fim ya zama ɗan cikinta, ta haka ne kuwa aka tsame Yahudawa daga sana'ar. A 1934 aka yi dokar da ta ba hukuma damar duba labarin fim tun yana kan takarda. A ranar 15 ga Satumba, 1935, aka zartar da dokokin Nuremberg, waɗanda suka raba Yahudawa da cikakken 'yancin zama 'yan ƙasa, suka kuma haramta aure ko saduwa tsakaninsu da waɗanda doka ta kira masu jinin Jamus.

A daren 9 ga Nuwamba, 1938, da washegarinsa, aka ƙone wuraren ibadar Yahudawa a faɗin ƙasar, aka farfasa kantunansu, aka kashe mutane da dama, aka kuma kwashe maza wajen 30,000 zuwa sansanonin tsare mutane. To amma wannan ta'asa a bainar jama'a ba ta samu karɓuwar da hukuma ta so ba, domin Jamusawa da yawa sun nuna ƙyamar ɓarnar dukiya da hargitsi a kan titi. Bayan wannan ne Goebbels ya nemi kamfanonin fim su shirya finafinai a kan Yahudawa. Ra'ayinsa sananne ne, cewa farfaganda ta fi ci idan mai kallo bai gane farfaganda ce ba. Labarin da ya shafe shekara ɗari biyu, da fada da dawaki da tufafin dā, ya dace da wannan bukata ƙwarai, domin mai kallo zai zauna ne da niyyar nishaɗi da ƙarin ilmi, ba ya shirin kare kansa daga komai.

Akwai kuma wani dalili. A 1934 an yi fim a Ingila mai suna Jew Süss, wanda Lothar Mendes ya shirya daga littafin Lion Feuchtwanger na 1925, aka kuma yi The House of Rothschild a Amurka. Dukkansu biyu da tausayi suka dubi Yahudawa. Ke nan labaran ba sababbi ba ne ga masu kallo a Turai, abin da aka yi a 1940 shi ne ƙwace su da juya musu fuska.

3.0 Oppenheimer na Tarihi

Kafin mu shiga cikin fim ɗin, ya kamata mu san mutumin da aka gina shi a kansa. An haifi Joseph Süss Oppenheimer a Heidelberg a 1698. A wancan zamani Jamus ba dunƙulalliyar ƙasa ba ce, tarin ƙananan masarautu ce, kuma sarakuna da yawa suna da attajiri Bayahude a fada wanda ke nemo musu rance, yana samar wa rundunarsu kayan aiki. Irin wannan bafade ba shi da wata kariya sai sarkin da yake yi wa aiki.

Oppenheimer ya haɗu da Karl Alexander a 1732, shekara guda kafin wannan ya hau sarautar Württemberg, wadda Stuttgart ce hedkwatarta. Shi Karl Alexander tsohon janar ne wanda ya koma ɗariƙar Katolika, alhali talakawansa da manyan ƙasar 'yan Furotesta ne. Bugu da ƙari, tun daga yarjejeniyar Tübingen ta 1514, majalisar ƙasa, wadda ta ƙunshi wakilan birane da manyan malaman coci, tana da ta cewa a kan sha'anin haraji. Sarki yana son kuɗi da sojoji ba tare da ya roƙi majalisa ba, ita kuwa majalisa tana tsoron a raba ta da ikonta, a kuma sauya wa ƙasar ɗariƙa. Wannan ita ce ainihin rigimar Württemberg a shekarun 1733 zuwa 1737.

A tsakiyar wannan rigima Oppenheimer ya yi aiki. Ya riƙe gidan buga kuɗi, ya tsara wa sarki babakere a kan cinikin gishiri da fata da taba, ya ƙirƙiro sababbin hanyoyin tara kuɗi, har da sayar da muƙamai. Babu shakka waɗannan matakai sun ƙuntata wa mutane, shi ma kuma ya azurta da su. Sai dai da umurnin sarki aka yi su, kuma akwai ma'aikata Kiristoci da suka yi tarayya da shi a ciki. A ranar 12 ga Maris, 1737, sarki ya mutu farat ɗaya, nan take aka kama Oppenheimer. Bayan shari'a ta watanni aka yanke masa hukuncin kisa, ba tare da takardar hukuncin ta fayyace dalilai ɗaya bayan ɗaya ba. Abokan aikinsa Kiristoci babu wanda aka kashe. An yi ta matsa masa ya karɓi addinin Kirista, ya ƙi. A ranar 4 ga Fabrairu, 1738, aka rataye shi a gaban dubban mutane a Stuttgart, aka bar gawarsa cikin kejin ƙarfe har shekara shida.

Masana da suka bi takardun shari'ar, tun daga Selma Stern a 1929 har zuwa Yair Mintzker a 2017, sun nuna yadda gabar siyasa da son zuciyar masu bincike suka yi tasiri a kanta. Majalisa ba ta da halin hukunta mataccen sarki, saboda haka ta huce a kan baransa wanda ba shi da gata.

4.0 Oppenheimer na Fim

Kamfanin Terra ne ya ɗauki nauyin Jud Süss, Veit Harlan ya ba da umurni. Ferdinand Marian ya fito a matsayin Süss, Heinrich George a matsayin sarki, Kristina Söderbaum, matar Harlan, a matsayin budurwa Dorothea. Idan aka ɗora fim ɗin a kan abin da aka zayyana a sama, za a ga dabaru huɗu.

4.1 Riƙe Abin da Ke Gaskiya

An bar sunan sarki da na bafadensa, an bar shekarar 1733, an bar Stuttgart da majalisar ƙasa da mutuwar sarki ta ba-zata da kejin ƙarfe. Bajamushen da ya taɓa jin labarin, ko ya karanta ƙagaggen labarin da Wilhelm Hauff ya rubuta a kansa a 1827, zai ga abubuwan da ya sani a inda ya san su. Daga nan sai ya miƙa amincewarsa ga abin da bai sani ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji, a sinima kuwa gaskiya da ƙarya da hoto iri ɗaya suke zuwa, ba wata alama da ta raba su.

4.2 Cire Dalili

Rigimar Katolika da Furotesta, wadda ita ce ƙashin bayan al'amarin, kusan shafe ta aka yi. Dalilin a fili yake, domin gwamnatin da ke cikin yaƙi ba ta son a tuna wa Jamusawa abin da ya raba kansu. Sarkin da tarihi ya sani a matsayin soja mai son mulkin kama-karya an mai da shi raggo mai son holewa, wanda wani ke juyawa. Da aka cire waɗannan dalilai sai ya zamana saura dalili ɗaya tak na wahalar ƙasar, watau shigowar Bayahude. Haka kuma an nuna Süss da fari a unguwar Yahudawa ta Frankfurt da gemu da doguwar riga, sa'an nan hoton ya narke ya koma hoton mutum mai askakken gemu da tufafin fadawa. Oppenheimer na tarihi ya daɗe da sabawa da fadoji kafin ya zo Württemberg. An ƙago wannan sauyi ne domin a koya wa mai kallo cewa Bayahuden da ya yi kama da shi, maƙwabcinsa likita ko malami, shigar burtu ya yi.

4.3 Ƙago Wanda Aka Zalunta

Dorothea da mahaifinta Sturm da mijinta Faber duk ƙagaggu ne. A cikin fim an kama Faber ana azabtar da shi, Dorothea ta je roƙon a sake shi, Süss ya yi mata fyaɗe, ita kuma ta faɗa ruwa ta mutu. Ɗauko gawarta zuwa ƙofar fada shi ya tayar da jama'a. Babu wannan a cikin takardun shari'a. Haka nan labarin maƙerin da aka rushe rabin gidansa saboda hanya, daga baya aka rataye shi. Tsarin haraji ba ya sa mai kallo kuka, amma gawar yarinya tana sawa. Daɗin daɗawa, an ba ɗan wasa ɗaya, Werner Krauss, matsayin Yahudawa da yawa, daga magatakarda har zuwa malamin addini, domin a nuna wai duk fuska ɗaya ce. Ta wannan hanya laifin da aka ƙaga wa mutum ɗaya ya zama laifin al'umma.

4.4 Mai da Dokar Yau Dokar Kakanni

Wannan ita ce dabara mafi muni. A ƙarshen fim alƙalai sun ajiye batun kuɗi, sun buɗe wani tsohon kundi, sun yanke wa Süss hukunci a kan saduwa da mace Kirista. Gaskiya ne masu bincike na 1737 sun yi ta tonon hulɗarsa da mata, amma ba a kan wannan aka tsayar da hukunci ba. Abin da mai kallo na 1940 ya gani, dokar Nuremberg ce ta 1935 sanye da tufafin ƙarni na 18. An kuma sa wani daga cikin mutanen ƙasar ya kawo kalaman Martin Luther na sukar Yahudawa, domin a ƙara wa hujjar nauyi. Oppenheimer, wanda shaidun zamaninsa suka ce ya mutu yana furta kalmar kaɗaita Allah ta addininsa, an nuna shi yana kururuwa yana roƙon a bar shi da rai. Daga nan sai Sturm ya karanta shelar korar dukkan Yahudawa daga ƙasar, tare da wasiyya ga jikoki su riƙe wannan doka. Jikokin kuwa su ne ke zaune a cikin sinima. An fake da guzuma ne aka harbi karsana.

5.0 Sauran Finafinan Biyu

Die Rothschilds, wanda Erich Waschneck ya shirya, ya bi wannan hanya. Gaskiya ne Mayer Amschel Rothschild na Frankfurt ya yi hulɗar kuɗi da sarkin Hesse wanda ya gudu daga Nafoliyon a 1806, gaskiya ne kuma ɗansa Nathan ya zauna a Landan yana samar wa rundunar Ingila zinariya. A kan wannan aka ɗora labarin cewa Nathan ya riga kowa jin sakamakon yaƙin Waterloo na 18 ga Yuni, 1815, ya baza jita-jitar an ci Ingila da yaƙi, farashin takardun bashin gwamnati ya faɗi, ya saye su da araha. Tushen wannan labari wata ƙasida ce da Georges Dairnvaell ya buga a Faris a 1846, shekara 31 bayan yaƙin, da sunan aro na "Shaiɗan". Niall Ferguson, wanda ya yi nazarin takardun gidan Rothschild, ya nuna cewa ƙarewar yaƙin da wuri barazanar hasara ce gare su, domin sun tara zinariya da tsammanin za a daɗe ana gwabzawa. A nan abin da aka kira tarihi tsohuwar jita-jita ce wadda daɗewa ta sa aka saba da ita. An rufe fim ɗin da tauraron Yahudawa a kan taswira, domin a haɗa su da Ingila, abokiyar gabar Jamus a lokacin.

Der ewige Jude na Fritz Hippler kuwa, wanda aka fara nunawa ranar 28 ga Nuwamba, 1940, ya zo ne da sigar fim na ilmantarwa, da muryar mai sharhi da taswirori da alƙaluma. An ɗauki hotunansa a Lodz da wasu biranen Folan 'yan makonni bayan sojojin Jamus sun mamaye ƙasar a 1939, aka nuna ƙuncin mutanen da yaƙi da mamaya suka ƙara wa talauci kamar ɗabi'arsu ce ta asali. An zana ƙaurar Yahudawa ta ƙarnoni a kan taswira, aka kwatanta ta da yaɗuwar ɓeraye. An yanko wani ɓangare na fim ɗin Amurka na 1934 da aka ambata, aka gabatar da shi kamar hujja, watau wasan kwaikwayo ya zama shaida. An ƙare da jawabin Hitila na 30 ga Janairu, 1939, inda ya yi barazanar hallaka Yahudawan Turai idan yaƙin duniya ya ɓarke.

6.0 Karɓuwa da Abin da Ya Biyo Baya

An fara nuna Jud Süss a bikin finafinai na Venice, a Italiya, ranar 5 ga Satumba, 1940, sa'an nan a Balin ranar 24 ga watan. Zuwa 1943 mutum fiye da miliyan 20 sun kalle shi, an kuma nuna shi a ƙasashen da Jamus ta mamaye, har da Faransa. Der ewige Jude bai wuce masu kallo wajen miliyan ɗaya ba, rahotannin asiri na hukumar tsaro ma sun nuna mutane sun ƙosa da shi. Wannan bambanci ya gaskata lissafin Goebbels. Fim ɗin da ya fito da ƙiyayyarsa a fili ya kori jama'a, wanda ya lulluɓe ta da soyayya da kiɗa da fitattun 'yan wasa ya cika gidajen sinima. Rahotannin nan sun ambaci masu kallo da suka riƙa ihun a kori Yahudawa. A ranar 30 ga Satumba, 1940, Heinrich Himmler ya ba da umurni a nuna fim ɗin ga dukkan dakarun SS da 'yan sanda.

Fim bai ƙirƙiri ƙiyayyar Yahudawa a Turai ba, ya tarar da ita, kuma ba a sinima aka tsara kisan kiyashi ba. Aikinsa shi ne ya sa abin da ke tafe ya yi kama da abin da aka taɓa yi, wanda magabata suka yarda da shi. A ranar 22 ga Oktoba, 1940, ƙasa da wata guda bayan nuna shi a Balin, aka kwashe Yahudawa fiye da 6,000 daga yankunan Baden da Pfalz zuwa sansanin Gurs a kudancin Faransa. A Satumba na 1941 aka tilasta wa Yahudawan Jamus sa alamar tauraro mai ruwan ɗorawa a tufafinsu. A ranar 1 ga Disamba, 1941, jirgin ƙasa ya tashi daga Stuttgart, garin da aka rataye Oppenheimer, ɗauke da Yahudawa wajen 1,000 zuwa Riga, ƙalilan ne daga cikinsu suka rayu. Kafin yaƙi ya ƙare a 1945 an hallaka Yahudawan Turai wajen miliyan shida.

Bayan yaƙi an gurfanar da Harlan a Hamburg bisa tuhumar laifi a kan bil'adama. An sallame shi a 1949, aka sake shari'ar a 1950, aka sake sallamarsa, bisa hujjarsa cewa Goebbels ne ya tilasta masa. Da ya koma sana'a, Erich Lüth, jami'in watsa labarai na Hamburg, ya yi kira a ƙaurace wa sabon fim ɗinsa. Aka kai Lüth ƙara, har magana ta kai Kotun Tsarin Mulki ta Jamus ta Yamma, wadda a 1958 ta yanke cewa yana da 'yancin yin wannan kira. A yau ba a nuna Jud Süss a Jamus sai da izini, tare da gabatarwar masani da tattaunawa.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa finafinan 1940 sun yi amfani da tarihi ta hanyoyi huɗu: sun riƙe sunaye da shekaru domin a amince da su, sun cire ainihin dalilan abin da ya auku, sun ƙago waɗanda aka zalunta domin su motsa zuciya, sa'an nan sun ɗauki dokar zamaninsu sun kai ta bakin magabata. Saboda haka bai isa malami ko ɗalibi ya tambaya ko mutumin da fim ya nuna ya taɓa rayuwa ba, domin Oppenheimer ya rayu, Nathan Rothschild ma ya rayu. Tambayoyin da suka fi amfani su ne, me aka cire daga labarin, wa aka ƙara a cikinsa, kuma wace bukata ta yau ce ta sa aka tono shi. Sau biyu aka yi wa Joseph Süss Oppenheimer shari'a ba bisa adalci ba, a 1738 da 1940, ta biyun kuwa ba shi kaɗai ta ci ba. Sai a 1998, shekara 260 bayan rataye shi, birnin Stuttgart ya sa wa wani dandali cikakken sunansa.